FILIN LAFIYAR IYALI: Baƙin Fuskar Mai Jego, Kada Garin Neman Gira A Rasa Ido

 A wannan wata za mu taɓo wata magana ce wadda mata suke yi a tsakaninsu a gidan barka da gidan suna, amma ba kasafai take isa kunnen likita ba sai bayan ɓarna ta riga ta auku. Maganar kuwa ita ce ta baƙin da yake fitowa a fuskar mace da wuyanta da cikinta sa'ad da take da juna biyu, wanda wani lokaci yakan ƙi tafiya har bayan ta haihu, da kuma irin abubuwan da ake shafawa domin a kore shi.

Kowa ya san yadda abin yake tafiya. Mace ta sauka lafiya, an yi suna, an ɗauki hotuna an aika wa dangi a Oyem da Bitam da Garwa da Kano ta waya. Kafin a yi arba'in sai wata ta dube ta ta ce, "Wance, me ya sami fuskarki haka?" Wata kuma ta ce ai cikin nan ya ƙone ta, kada ta yarda ta koma ɗaki a haka. Daga nan sai a kwatanta mata mai haɗa mai a kasuwa, ko a tura mata lambar wata a WhatsApp wadda take alkawarin cewa cikin mako biyu fuska za ta dawo kamar ta amarya.

Abin da muke son kowane gida ya ji shi ne wannan: baƙin da ciki yake kawowa ba cuta ba ne, kuma a wajen yawancin mata yakan dushe da kansa. Amma man da ake saye da gaggawa domin a kore shi, shi ne yakan mai da abin 'yan watanni ya zama na har abada, kuma illarsa ba a kan uwa kaɗai take tsayawa ba, tana kaiwa ga jaririn da take shayarwa.

DAGA INA BAƘIN YAKE ZUWA?

A cikin fatar kowane ɗan Adam akwai waɗansu ƙananan ƙwayoyi waɗanda aikinsu shi ne sarrafa wani sinadari da ake kira melanin, wanda shi ne yake ba fata da gashi launinsu. Baƙin mutum da farin mutum kusan yawan ƙwayoyin nan nasu ɗaya ne, bambancin yana wajen yawan aikin da suke yi. Shi melanin garkuwa ne, domin kuwa shi ne yake tare zafin hasken rana kada ya lalata fata.

To, idan mace ta sami ciki, sinadaran jikinta da likitoci suke kira homon, musamman estirojin da furojestaron, sukan ƙaru ninki-ba-ninki, su zuga waɗannan ƙwayoyi su yi ta aiki fiye da yadda suka saba. Shi ya sa kusan mata 9 cikin 10 sukan ga wani sashe na jikinsu ya ƙara duhu: kan nono, hammata, tsakanin cinyoyi, wuya, har da tsofaffin tabo. Layin nan baƙi da yake sauka daga cibiya zuwa mara shi ma daga nan yake, kuma ba ya nuna namiji ne a cikin ko mace, ko da yake tsofaffi sukan yi ta lissafi a kansa.

Wanda ya fi tayar wa mata hankali shi ne na fuska. A asibitocin ƙasar nan za ku ji ana ce masa masque de grossesse, likitocin fata kuma suna kiransa melasma. Yakan fito ne a goshi, da kumatu, da karan hanci, da saman leɓe, kuma galibi abin da ya fito a dama shi ne zai fito a hagu. Ba ya ƙaiƙayi, ba ya ciwo, ba ya tasowa sama da fata, ba a kuma ɗaukarsa daga wani. Ba datti ba ne balle a ce a dirje shi, ba kambun baka ba ne, ba kuma sammun kishiya ba. Yana bin dangi, don haka wadda mahaifiyarta ko yayarta ta yi shi, ita ma tana iya yinsa, kuma ya fi yawa a tsakanin masu duhun fata mazauna ƙasashe masu rana irin tamu.

Bayan haihuwa homon ɗin nan sukan koma yadda suke, baƙin kuma ya fara ja da baya sannu a hankali. Layin ciki yakan ɓace cikin 'yan watanni. Na fuska yakan ɗauki daga watanni kaɗan har zuwa shekara guda. Gaskiya ne a wajen kamar mace ɗaya cikin uku wani abu yakan saura, kuma yana iya dawowa a ciki na gaba. Amma a lura da lissafin: kwana arba'in bai kai ko kusa da lokacin da fata take bukata ba. Wadda ta duba madubi ranar da ta gama wanka ta yanke hukunci cewa fuskarta ta lalace, ta yi gaggawar yanke hukunci.

Akwai waɗansu canje-canjen da sukan zo tare. Nankarwa a ciki da cinya da nono takan fara da duhu ko ja, daga baya ta dushe ta kwanta, ko da yake ba ta ɓacewa gaba ɗaya, kuma har yau babu wani mai da aka tabbatar yana share ta. Gashi yakan yi ta zuba tsakanin wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa, sa'an nan ya komo kafin yaro ya shekara. Ƙurajen fuska kuma sukan bar tabo baƙi idan aka yi ta matse su. Duk waɗannan lokaci ne babban maganinsu.

RANAR LIBREVILLE

Abin da yake hana baƙin fuska tafiya, ya fi kowane abu, shi ne rana. Birnin nan namu bai kai kilomita 50 ba daga layin da ya raba duniya biyu, saboda haka rana tana da ƙarfi a kanmu tun daga Janairu har zuwa Disamba. Mutane da yawa sukan ruɗu da yanayin rani, watau daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da sama takan yi toka-toka, gari ya yi sanyi, a wuni ba a ga ƙwayar rana ba. To, hasken da yake ƙona fata yana ratsa gajimare ya iso. Bugu da ƙari, bincike ya nuna cewa a kan baƙar fata har hasken da ido yake gani yana ƙara wa melasma duhu. Mace mai zama a rumfa a Mont-Bouët ko Nkembo, ko mai tsayuwa bakin titi tana jiran tasi da goyo, kullum tana ƙara wa abin ƙarfi ba ta sani ba. Hijabi yana rufe kai da wuya, amma kumatu da hanci da saman leɓe, inda baƙin ya fi zama, a fili suke.

Zafi ma yana taimakawa. Mai tuyar ƙosai ko waina da take wuni a gaban wuta ta san yadda fuskarta take yi. A nan ne kuma wankan jego ya shigo. Ba mu ce a bar shi ba, al'ada ce da iyayenmu suka zo da ita tun daga arewa, kuma a cikinta akwai hutu da kulawa da mai jego take bukata. Amma ruwan ya zama mai ɗumi ne wanda jiki yake iya ɗauka, ba tafasasshe ba, kuma kada a riƙa fyaɗa shi da ganye a fuska. Duk inda baƙar fata ta ƙone, ko ta ji rauni, da tabo baƙi take warkewa.

ME KE CIKIN KWALBAR?

A Sanagal suna ce wa abin xessal, a Mali tchatcho, a Nijeriya bilicin. Suna ya bambanta, amma idan aka kai mayukan ɗakin bincike abubuwa uku ne suka fi fitowa.

Na farko shi ne kotizon mai ƙarfi, wanda za a ga an rubuta clobétasol ko bétaméthasone a jikin ɗan bututun. Wannan magani ne na gaske da aka yi domin waɗansu cututtukan fata, a shafa a ɗan wuri na 'yan kwanaki bisa umurnin likita. Idan aka zuba shi cikin man shafawa ana bin jiki da shi safe da yamma, fata takan yi haske da sauri, wannan gaskiya ne, kuma shi ne tarkon. Bayan watanni sai fatar ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, ƙuraje su feso, nankarwa masu faɗi su tsattsage hannu da cinya, makero da kyasbi da ƙazuwa su sami wurin zama. Yana shiga jini ya jawo hawan jini da ciwon sukari. Yana kuma hana rauni warkewa, abin da ya kamata duk wadda aka yi wa aiki aka ciro jariri ta yi tunani a kansa.

Na biyu shi ne hidirokinon, a jikin kwali hydroquinone. Shi ma likitoci suna amfani da shi, amma da ma'auni da ƙayyadadden lokaci. Idan aka daɗe ana shafa shi da yawa, a kuma shiga rana, yakan juya ya haifar da wani baƙi mai shuɗi-shuɗi da ƙananan gudaji a kan ƙashin kumatu da gefen ido, wanda ake kira okoronosis. A Afirka ta Kudu ne likitoci suka bayyana shi filla-filla a 1975 a jikin mata masu shafa irin waɗannan mayuka, kuma har yau yana cikin tabon da ya fi wuyar magani. Watau mace ta gudu daga baƙin da zai tafi, ta faɗa cikin wanda ba ya tafiya. Masu iya magana sun ce tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma a yi dubu ba a fito ba.

Na uku, wanda ya fi su muni, shi ne zaiba, wadda ake rubutawa mercure ko calomel, idan ma an rubuta ke nan. Ita ba ta da wani gurbi a maganin fata ko kaɗan. Tana lalata ƙoda, tana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ta kawo rawar hannu da mantuwa da rashin barci. Tana ratsa mahaifa ta kai ga ɗan tayi, tana kuma fita a ruwan nono. Har ila yau tana maƙalewa a tawul da zanen gado da zanen goyo, ta yadda maigida da yara da ba su taɓa buɗe kwalbar ba su ma sukan kwasa. Ku tuna sau nawa a rana kumatun jariri yake haɗuwa da na uwarsa, sau nawa kuma yake sa hannu a fuskarta ya mayar baki.

Kada kuma a yarda da rubutun naturel ko bio, ko hoton karas da gwanda a jikin kwali. Gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe daban-daban sun sha gano waɗannan sinadarai a cikin mayukan da ba su ambace su ba. Wanda aka haɗa a gida aka zuba a roba marar suna kuwa, ko mai haɗawar ba ta san iyakar abin da ke ciki ba.

Domin kada a ce tsoratarwa ce kawai, ga abin da aka gani a Dakar. A wani bincike da aka buga a 2007, likitoci sun duba mata 99 masu tsohon ciki a wani asibitin haihuwa, suka tarar kusan kashi 69 cikin 100 suna shafa man ƙara haske a lokacin da suke ɗauke da cikin. Waɗanda suke shafa kotizon mai ƙarfi, an ga mabiyiyarsu ta fi ƙanƙanta, kuma sun fi yawan haifar jarirai marasa nauyi.

ABIN DA HUKUMOMI SUKA YI

Ƙasashe sun daɗe da farga. Afirka ta Kudu ta hana sa hidirokinon a kayan kwalliya tun 1990, Tarayyar Turai ta bi a 2001. Kwaddibuwa ta kafa dokar hana irin waɗannan mayuka a 2015, maƙwabciyarmu Kamaru ta ɗauki nata matakin a 2022, kana a 2023 hukumar NAFDAC ta Nijeriya ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa.

Game da zaiba kuwa akwai yarjejeniyar duniya ta Minamata, wadda aka sa wa hannu a 2013. An ba ta sunan wani gari ne a Jafan inda aka gano cewa dattin wata masana'anta mai zaiba ya shiga kifin da mutane suke ci, har aka riƙa haifar yara da lalatacciyar ƙwaƙwalwa. Gabon tana cikin wannan yarjejeniya. A watan Fabrairu na 2023 aka sanar da wani shiri na Dalar Amurka miliyan 14 wanda ya haɗa Gabon da Jamaika da Siri Lanka, tare da Hukumar Kare Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya, domin kawar da zaiba daga mayukan ƙara hasken fata. A ƙarshen wannan shekarar, a Janeba, ƙasashen yarjejeniyar suka amince da haramta duk wani kayan kwalliya da aka sa wa zaiba, kome ƙanƙantarta, suka sa 2025 ta zama wa'adi. A watan Janairu na 2025 kuma, a nan Libreville, wakilan ƙasashen Afirka da dama suka hallara suka fitar da wani ƙuduri a kan wannan magana, wanda aka sa wa sunan birnin nan.

Duk wannan abin yabawa ne. To, amma doka ba ta shiga ɗakin mai jego. Kwalbar da aka sako a cikin jakar ƙawa, ko aka kawo tsaraba daga tafiya, babu jami'in da zai gan ta. Mu ne masu tsaron wannan ƙofa.

TO, ME ZA A YI?

Na farko, a ba fata lokaci. Daga haihuwa har zuwa wata 6 zuwa shekara guda, babban aiki shi ne kada a yi abin da zai ƙara ɓata ta.

Na biyu, a nemi inuwa. Laima ba ta ruwan sama kaɗai ba ce. A rage yawo tsakanin ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma idan da hali, mai rumfa kuma ta gyara zamanta ta ba rana baya. Wadda take da iko ta sayi man kare rana a farmasi, ta ce a ba ta écran solaire mai lamba 50, ko aƙalla 30. Wanda ya fi dacewa da mu shi ne mai ɗan launi, wanda aka sa wa oxyde de fer, domin yana tare har da hasken da ido yake gani, kuma ba ya barin fuska ta yi fari kamar an shafa toka. A shafa shi kowace safiya ko da hadari ya rufe gari, a kuma sake shafawa bayan alwalar azahar, ko bayan awa biyu ga wadda take waje. Mai ciki da mai shayarwa duk suna iya amfani da shi. Duk wani magani da za a yi ba tare da wannan ba, zuba ruwa ne a kwando.

Na uku, a sassauta wa fuska. A wanke ta da sabulu marar ƙarfi da tafin hannu, ban da soso, ban da dirza. A bar lemun tsami, domin ruwansa idan ya haɗu da rana yakan ƙona fata ya bar tabon da ya fi na farko. Haka ma tafarnuwa da kanwa da man goge baki. Man kaɗe yana da kyau wajen laushin fata da rage ƙaiƙayin nankarwa, amma ba ya tsare rana. Mai son dilka ta dakata tukuna, kuma idan za a yi mata ta tambayi abin da aka zuba a ciki.

Na huɗu, a yi magana a asibiti. Awon da ake yi wa uwa mako 6 bayan haihuwa ya zo daidai da gama arba'in, kuma a lokacin ne ake kai jariri allurar rigakafi. Wannan dama ce ta nuna wa ungozomar asibiti fuskar, a kuma gaya mata idan ana shirin shan ƙwayar tazarar haihuwa, domin mai estirojin a ciki tana iya riƙe baƙin ko ta dawo da shi, alhali akwai waɗansu hanyoyin. Idan abin ya ƙi ja da baya, a nemi likitan fata, watau dermatologue, a manyan asibitocin birnin nan irin su CHUL. Mai katin CNAMGS ta tafi da shi.

Na biyar, a san cewa akwai magani na gaskiya. Akwai acide azélaïque mai ƙarfin kashi 15 ko 20 cikin 100, wanda likitoci suke ba mai ciki da mai shayarwa, da mayuka masu bitamin C ko niacinamide. Sukan ɗauki wata 2 zuwa 3 kafin a ga canji, kuma wannan jinkirin alama ce ta lafiya, duk abin da ya haska fuska cikin mako guda a ji tsoronsa. Bayan yaye, likita yana iya rubuta hidirokinon mai kashi 4 cikin 100, ko wani haɗi na magani uku wanda wani likitan Amurka, Albert Kligman, ya fito da shi a 1975. Za a shafa ne a kan tabon kaɗai, da dare, na 'yan watanni, a tsaya. Abin da ya raba magani da guba a nan shi ne ma'auni, da lokaci, da idon likita. Mayuka masu trétinoïne ba na mai ciki ba ne. Ƙwayar acide tranexamique da waɗansu suke sha da kansu tana iya jawo daskarewar jini a jijiya, ga shi kuwa makonni shida na farko bayan haihuwa su ne lokacin da wannan haɗari ya fi yawa. Allurar glutathione da ake tallatawa babu wata hujja tabbatacciya a kan amfaninta ko amincinta. Aikin na'urar leza da ɓare fata da sinadari kuma, idan ba ƙwararre a kan baƙar fata ne ya yi ba, sukan ƙara duhun ne.

Wadda kuma ta riga ta fara shafe-shafe, kada kunya ta hana ta zuwa. Ta ɗauki kwalaben duka ta kai wa likita. Idan ta daɗe tana bin jiki da mai kotizon, kada ta yanke shi rana ɗaya da kanta, domin jikinta ya rage sarrafa nasa, yankewa farat ɗaya tana iya kayar da ita. Likita ne zai tsara yadda za ta janye a hankali. Ta sani kuma fuska za ta yi bore na 'yan makonni, ta yi duhu, ta yi ƙuraje, kafin ta lafa. Mata da yawa a nan ne sukan karaya su koma. Kuma duk wadda za a yi wa aiki, ko take zuwa awon ciki, ta faɗi abin da take shafawa tun ba a tambaye ta ba.

WANDA BA A JIRA DA SHI

Ba kowane canji ne ake ba lokaci ba. Mai tsohon ciki da take jin ƙaiƙayi mai tsanani a tafin hannu da tafin ƙafa, musamman da dare, ta je asibiti a ranar, domin yana iya zama daga hanta ne, kuma yana da haɗari ga abin da ke cikinta. Haka nan idan ido ya yi rawaya. Baƙi mai kauri da laushi a bayan wuya da hammata wanda ya ƙi tafiya bayan haihuwa ba dauɗa ba ne, sau da yawa yana tafiya ne da ƙiba da ciwon sukari, sai a auna jini. Tabon da yake girma, ko yake canza kama, ko yake zubar da jini, musamman a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce, a nuna wa likita. Haka ma tabon kumatu da ya zo da ciwon gaɓoɓi da zazzaɓi.

GA MAZA DA IYAYENMU MATA

Ba za mu rufe ba sai mun juyo kan iyayen gida maza. Mace ba ta sayen wannan mai don ta ƙi jikinta, tana saye ne don abin da take tsoron a ce, ko abin da aka riga aka ce. Kalma ɗaya ta wasa, irin su "kin yi baƙi fa," ta isa ta kai ta rumfar mai haɗi. Malam, wannan baƙin da kake gani a fuskarta, a wajen ɗauko maka ɗa ta same shi. Idan za ka kashe kuɗi, ka saya mata laima da man kare rana, ka kai ta wajen likita, ka kuma duba abin da ke kan madubinta kamar yadda kake duba abin da ake ba jaririn.

Ga iyayenmu mata kuma, mun san zama a nan ya bambanta da na gida. A da yarinya takan koma gaban mahaifiyarta ta yi wanka, tsofaffi suna kewaye da ita. Yau da yawa suna haihuwa a Akébé ko Lalala ko Nzeng-Ayong, uwa tana Woleu-Ntem ko tana wata ƙasa, sai waya da ƙawaye su zama masu ba da shawara. Saboda haka duk dattijuwar da ta shiga barka, ita ce uwa a wannan rana. Hajiya, idan kin ga fuskar mai jego ta yi duhu, ki ce mata ke ma kin yi, ya kuma wuce. Wannan magana ta fi duk wani turare da za ki kai mata.

Muna roƙon wanda ya karanta wannan ya karanta wa wadda ba ta iya karatun boko ba, domin in kunne ya ji, jiki ya tsira. Mai tambaya ya aiko ta ofishin wannan mujalla kamar yadda aka saba. Allah Ya raya abin da aka samu, Ya ba masu jego lafiya, Ya sauki masu ciki lafiya. Sai mun sake saduwa a wata mai zuwa.